Karsanar Luz Eneida da Ciyawar Bakin Hanya

Kai, ku matso ku ji abin da aka yi a gidan Don Anatolio, can bayan garin Chinú, gidan nan mai mangwaro a ƙofa!

Nelcy, matar ɗansa Dairo, ita ce ta haifi 'ya mace ana gab da faɗuwar damina. Yarinya tubarkalla, kumatu kamar an hura, gashi cike da kai tun ranar da ta faɗo, har ungozoma sai da ta kira ta kusa da ita ta zo ta gani. Aka sa mata Luz Eneida. Ranar baftisma an dawo daga coci ke nan, ana ta zuba romon kaza da doya da rogo, sai aka nemi Lácides, uban baftismar yarinyar, aka rasa. Can sai ga shi ya ɓullo ta bayan gida da fararen kayansa duk sun yi taɓo, yana jan karsana da igiya.

"Maman Luz!" ya ƙwala kira. "Fito da mai dukiya ta ga dukiyarta!"

Nelcy ta fito da jaririya a kafaɗa ta tsaya cak. Karsana ce ja, jan mazarƙwaila, kunnuwa zaro-zaro, ido kamar an sa mata kwalli. Nan take aka raɗa mata Panela, sunan mazarƙwailar ke nan a bakin mutanen wurin. Kowa ya san al'adar: karsanar baftisma ta yaro ce, duk abin da ta haifa nasa ne, uba ba ya taɓawa, kaka ba ya taɓawa.

"Kompa, ka rufa mini asiri, da gaske kake?" in ji Nelcy, don haka ake kiran uban baftismar ɗan mutum a can.

"A'a, yawo na fito da ita ta sha iska."

Aka kwashe da dariya, ita kuwa Nelcy hawaye ne shar. Ku gane, Nelcy 'yar masunta ce daga fadamar San Marcos. A gidansu akwai kwalekwale, akwai koma, akwai warin kifi, amma ko akuya ba a taɓa ɗaurewa ba. Yau ga 'yarta, wadda ko wuyanta bai tsaya ba, da saniya sukutum!

Wanda ya fi kowa rawar kai shi ne kakan. Don Anatolio ya zagaya karsanar ya sake zagayawa, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya daki ƙugunta, sannan ya gyara hularsa ya ce, "Saniyar jikata ba za ta yi cunkoso da tsofaffin shanun tatsa ba. Dairo, buɗe mata shingen bakin hanya."

Dairo ya dubi Lácides, Lácides ya dubi sama. Nelcy ba ta lura ba, tana can tana nuna wa jaririya kunnen Panela.

Shi wannan shinge na bakin hanya, ai shi ne abin alfaharin tsohon. Ciyawar nan da ake kira mombasa ya shuka a ciki, ya rufe ƙofa da waya tun ruwan farko, ya ce ko kaza ba ta shiga. Ciyawa ta samu ruwa ta samu hutu ta yi ta miƙewa, ta wuce ƙugu, ta wuce kafaɗa, ta wuce hula, har ta fitar da kai tsuntsaye na sauka. Da yamma sai ya fitar da kujera gindin mangwaro ya zauna yana jiran masu wucewa.

"Don Anato! Wannan ciyawa ce ko rake?" in ji mai babur ɗin da ke kwasar madara.

"Shiga da babur ɗinka mu ga ko za ka fito!"

"Allah ya kiyaye, ina da iyali!"

Tsoho ya yi ta dariya har da tari. Haka kullum.

Su kuwa shanun tatsa suna bayan gida a ƙananan shingaye, Dairo ke juya su. In ciyawa ta kai ƙugu a shigar da su, in sun cinye ta sauko gwiwa a kaɗa su gaba, kafin su zagayo ta sake tohowa. Ba wanda ke tsayawa kallon wannan, aiki ne kamar shara.

To, Panela ta shiga mulkinta ita kaɗai. In ta kutsa ciki ba a ganin ko ƙahonta, sai dai motsin ciyawa. Nelcy kan ɗauki Luz a ƙugu ta je bakin waya ta yi ta kira, "Panela, Panela, ga uwar ɗakinki ta zo gaisuwa!"

Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Luz ta fara murmushi, ta fara juyawa, cinyoyi suka yi ninki-ninki har sai an buɗa ake wankewa. Amma Panela sai baya take yi. Gashin nan mai sheƙi ya dushe ya tashi tsaye, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa daga nesa, ƙasusuwan ƙugu suka yi tsini kamar a rataya hula. Aka ɗura mata maganin tsutsa. Aka ƙara mata gishiri. Mama Dilia, matar tsohon, ta ce baki ne na masu wucewa, ta samo jan zare irin wanda ke hannun Luz ta ɗaura mata a ƙaho. Shiru. Ƙawayen Panela da aka haifa shekara ɗaya da ita a gidan Lácides duk sun karɓi bijimi, ita ko ɗaga kai ba ta yi in bijimi ya yi kuka.

Wata safiya ana karin kumallo, rogo da nono mai tsami da kofi, Don Anatolio ya ajiye cokali.

"Na duba karsanar nan na sake dubawa," ya ce. "Dabbar da ta rame a cikin wannan ciyawa, aibin a jikinta yake. In ruwa ya ɗauke ba ta karɓi bijimi ba, mahauci zan kira. Ba zan ciyar da juya da rani ba."

"Baba, ai ta Luz ce," in ji Nelcy. Muryarta ta fito ƙarama.

"Na sani, 'yar masunta. Ba cinyewa zan yi ba. A saya wa yarinya 'yan kunnen zinariya a ajiye mata."

Nelcy ta sunkuyar da kai. 'Yan kunne! 'Yan kunne na haihuwa ne? Kuma da wane ido za ta kalli Kompa Lácides a coci, a ce kyautarsa ta ƙare a kan teburin mahauci?

Daga ranar ta sa wa Panela ido irin na uwa. Duk mai shayarwa ta san wannan: kafin yaro ya yi magana, kashinsa ne ke magana, kina buɗe zanen kin san lafiya ko ba lafiya. To haka Nelcy ta shiga bin bayan shanu tana duba ƙasa. Na shanun tatsa mai laushi ne, in ya faɗi sai ya baje faɗaɗa. Na Panela kuwa busasshe, tauri, a tattare kamar an jera ƙosai, in ta fasa da tsinke duk zare-zare ne a ciki. Da na Luz ne ya fito haka, ai da tuni an tafi asibiti.

Ga kuma wani hali da karsanar ta ɗauka. Kullum sai ta tura waya da ƙirji ta fito, ba kuma daji take nufa ba, tsakar gida take zuwa. Akwai filin da Dairo ke sassabewa da adda ƙasa-ƙasa, inda Nelcy ke shanya zannuwan jaririya. Nan Panela za ta kafa kai ta yi ta fizgar 'yar gajeriyar ciyawar nan kamar wadda ta kwana da yunwa.

"Ku ga butulu!" tsoho zai taso da igiya. "An ba ki gona guda kin zo kina lasar tsakar gida! Wuce mu tafi, mara kunya."

Ran nan da hantsi ba a ga Panela a tsakar gida ba, ba a kuma ji motsinta ba. Nelcy ba ta tsaya jira ba. Ta miƙa wa Mama Dilia yarinya, ta zura takalman robar Dairo, ta ɗaga waya ta shiga shingen bakin hanya. Ita da kullum daga waje take kallo, yau ta ga cikinsa. Koren nan da ake yabo, ashe a sama kawai yake. Daga ƙirjinta zuwa ƙasa kara ne zalla, kauri kamar yatsa, ga busasshen ganye ya kwanta ya ruɓe yana warin rima. Gefen ganyen ya yi ta yankar mata hannu. Ta tarar da Panela a tsakiya, tsaye, tana miƙa wuya tana laluben ɗan ganye mai laushi a tsakanin karare, ta samu ɗaya nan, ta yi taku ta samu ɗaya can.

Nelcy ta karya kara ɗaya ta sa a baki. Kai! Kamar ta tauna igiyar shanya. Ta tofar. Da ta fito ta tsinki 'yar gajeriyar ta tsakar gida ta tauna, sai ga ruwa-ruwa, har da ɗan zaƙi. Nan take kuɓewar bayan ɗaki ta faɗo mata a rai, wadda in an bar ta ta yi tsawo don a burge mutane, wuƙa ma ba ta shigarta.

Washegari da sassafe ta kai wa Dairo kofi wurin tatsa. Yana tsugune, goshinsa a jikin saniya, an ɗaure maraƙi a ƙafarta ta gaba yana ta fizge-fizge.

"Dairo," ta ce a hankali, "ciyawar Baba ta tsufa."

"Sannu da ganowa."

"Me ka ce?"

"Na ce sannu. Jakin Kompa ma ya sani."

Saura kaɗan ta zuba masa kofin a ka. "Ka sani? Ka sani kana kallo saniyar 'yarka tana ƙarewa?"

"Rage murya mana, za ki sa ta ɗauke nono. In faɗa wa wa? Mutumin da ya koya mini riƙe adda, in je in ce Baba ba ka san ciyawa ba? Sau biyu ina ce masa a haɗa ta da sauran shanu, ya ce ina yi wa 'yata rowa."

"To masu yabo fa? Mai madara, da Kompa, da kowa da kowa?"

"Wannan ai gaisuwa ce, Nelcy. In kin wuce gidan mutum kin ga ciyawarsa, yabawa ake yi. Kin taɓa jin an ce wa uwa jaririnta mummuna ne?"

"Tawa dai ba mummuna ba ce."

"Ni na ce?"

"Kuma shi Baba bai gane ba?"

Dairo ya matse nono na ƙarshe, ya bar ɗaya wa maraƙi, ya miƙe. "Da ta wani ce, daga kan doki zai gane. Tasa ce shi ya sa."

Nelcy ta koma gida ranta na tafasa, amma kafin ta isa ƙofa dabara ta zo mata har tana dariya ita kaɗai. Ta zagaya bayan ɗaki ta tsinko kuɓewar da ta fi kowace tsawo da tsufa, ta cika kwano, ta shiga madafa ta hau sara da wuƙa kamar mai faskare. Za ta yi wa Baba miya, ta ce masa manyan ta ware masa don girmamawa. In ya tauna ya kasa haɗiyewa, to sai ta yi magana.

Mama Dilia ta shigo ta leƙa kwanon, ta ɗauki ɗaya ta lanƙwasa, ta dubi surukarta.

"Wa za a kashe?"

"Ba kowa, Mama. Miya ce."

"Miyar wa?"

Nelcy ta ajiye wuƙa. Tsohuwa ta ɗauki kwanon ta watsa wa aladu ta taga.

"Mijina ne, 'yar nan. Shekara arba'in ina dafa masa abinci, ban taɓa koya masa hankali da tukunya ba. Ki ba shi wannan ya gane abin da kike nufi a gaban ɗansa, wallahi gobe mahauci zai kwana a gidan nan, ba sai ruwa ya ɗauke ba."

"Ashe ke ma kin sani, Mama?"

"Ina da ido."

"To jan zaren fa?"

"Ai dole mutum ya yi wani abu." Ta zauna a kan turmi ta ja tsaki. "Saurara. Anatolio ba a gyara masa, amma roƙo bai iya hanawa ba. Ki roƙe shi abu. Kuma ki bari sai yarinya na hannunsa."

Da la'asar kuwa aka samu yadda ake so. Tsoho na kwance a ragar lilo a baranda, Luz na zaune a kan cikinsa tana jan gashin bakinsa, shi kuma yana kukan ƙarya tana ƙyaƙyatawa, haƙoranta biyu na ƙasa a waje. Sai ga Panela ta sake turo waya ta shigo, ta kafa kai a ƙarƙashin shanya. Tsoho ya yunƙura zai tashi.

"Baba, ina da roƙo," in ji Nelcy.

"In kifi ne babu, 'yar masunta."

"Ba kifi ba ne. Yarinyar nan ba ta san saniyarta ba. Kullum tana cikin duhun ciyawa, sai dai mu yi ta kira. A bar mana ita nan kusa mana, ko na ɗan lokaci, su saba da juna. Dubi yadda take kallonta."

Luz kuwa, Allah ya yi mata albarka, daidai lokacin ta miƙa hannu wajen karsanar ta ce "ba, ba, ba."

Don Anatolio ya juya kai wajen shanya. Ya daɗe yana kallon yadda Panela ke cin ciyawar, harshe na naɗewa, baki na cika, ba ta ko ɗaga kai. Sai ya miƙa wa Nelcy yarinya, ya saka takalmi, ya taka zuwa wurin shanya ya tsuguna ya tsinki ciyawa ya murza a yatsa. Daga nan ya wuce shingen bakin hanya ya ɗaga waya ya shige. Ciyawa ta haɗiye shi har hula. Nelcy na tsaye a baranda, Mama Dilia na leƙe ta tagar madafa.

Da ya fito, hannayensa duk sun yi jan zane. Ya dawo ya zauna a bakin baranda ya cire hula ya yi fifita da ita.

"Macizai sun yi yawa a shingen nan," ya ce.

"Sun yi yawa, Baba."

"Kin ga wani?"

"Ban gani ba tukuna."

"Ni ma ban gani ba. Amma suna nan. Ga yarinya ta kusa rarrafe." Ya mayar da hula. "Dairo! Ka gaya wa mutane ranar Asabar akwai gayya. Dilia, kaji uku."

Aka fara da kora duk shanun gida ciki, har da alfadaran maƙwabta da dokin Lácides, suka ci abin da za su iya, suka tattake sauran. Ranar Asabar maza suka zo da adduna, mata suka kafa babbar tukunya a gindin mangwaro.

"Don Anato, raken namu ne za a sare?" in ji Lácides yana wasa adda a dutse. "To mu yanzu me za mu riƙa yabo?"

"Kai ka fi kowa yabonta, kai za ka fara. Shiga gaba, munafuki."

"Ni? Ai ni gaskiya na faɗa, na ce ban taɓa ganin irinta ba."

"Sare, bakinka ya fi addarka kaifi."

Aka yi ta sara ana tsiya, ana barin ta daidai gwiwa. Duk wanda ya ɗaga kai sai ya tambaya, "Ina macizan, Don Anato?" Tsoho ya ce su dai yi aiki. Rana ta take, an ci rabin shinge, ko saɓar maciji ba a gani ba. Sai can wajen ƙarshe wani ya tono ɗan siririn koren maciji, irin wanda ko kaza ba ta gudunsa. Wayyo, ku ga murna wurin tsoho! Ya ɗora shi a kan sanda ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana nunawa, har wurin mata a gindin tukunya.

"Ga shi! Wa ya ce babu? Dilia, kin gani?"

"Na gani, Anatolio. Allah ya tsare mu."

Amma fa kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa tsohon daɗi ba. Shinge ya koma fili, kututture da tarin kara, ba kyan gani. Mai madara ya wuce ya ce, "Barka da yamma, Don Anato," shi ke nan, ba ƙari. Bayan kwana biyu tsoho ya ɗauke kujerarsa ya mayar bayan gida. Nelcy ta ga haka, tausayi ya kama ta, ta riƙa kai masa Luz can tana ajiye masa a cinya.

Ruwa ya zuba, ya sake zubawa, sai ga toho ya fito daga kowane gindi, kore shar, laushi kamar gashin jariri. Dairo ya ja waya ya raba shingen gida-gida. Tsoho da kansa ya tsara yadda za a yi, ba wanda ya ce masa uffan: ba a shiga sai ta kai ƙugu, ba a bari ta wuce, Panela ce ke fara shiga ta ci kan ganye, sannan a saki shanun tatsa su biyo baya, in ta sauko gwiwa kowa ya fita. Kafin tohon ya isa, Panela na cin na bayan gida a gaban sauran. Nelcy kuma in ta je yankan ganyen matarratón, bishiyar da ake kafa shinge da ita, wanda take dafawa ta yi wa Luz wanka saboda ƙuraje, sai ta yanko da yawa ta zuba wa Panela ragowar.

Abin da ke damun Nelcy shi ne sama. Kullum da safe sai ta fito ta ɗaga kai. Hadari ya fara ƙaranci, in ya haɗu ma sai iska ta watsa shi. Karsana ba ta cika a kwana ɗaya, ruwa kuma ba ya jiran kowa.

Wata safiya mai madara na tsaye ana juye masa madara a garwa, sai aka ji ihun Nelcy daga cikin shinge.

"Dairo! Dairo, zo ka ga kashi!"

"Na yarinya?"

"Na Panela! Ya baje, Dairo, faɗaɗa, zo ka gani da idonka!"

Mai madara ya dubi Dairo ya ce, "Kai dai ka yi dacen mata. Tawa sai na sayo zane take irin wannan ihu."

Daga nan abu ya fara juyawa. Gashi ya kwanta ya dawo da jansa, haƙarƙari ya nutse ɗaya bayan ɗaya, ƙugu ya cike. Har ta fara tsalle-tsalle da yamma tana ɗaga wutsiya. Amma bijimi in ya yi kuka daga gidan Lácides, har yanzu ko a jikinta. Aka shiga watan ƙarshe na damina. Tsoho bai sake ambaton mahauci ba, amma bai ce ya fasa ba, kuma kowa ya san shi ba ya mayar da magana haka kawai. Nelcy ta kunna wa Budurwa Maryamu kyandir, ta kuma ƙara yawan ganye.

Ranar da Luz ta fara rarrafe, ta taso daga tabarma ta nufi kwanon kare, washegarinta ne Panela ta tashi gidan da kuka. Kuka ba ƙaƙƙautawa, ta ƙi ci, tana bin waya tana kai da kawowa, tana hawan bayan tsofaffin shanu. Nelcy ta ɗauka ciwo ne, ta fito a guje da kumfar sabulu a hannu.

"Baba, me ya same ta?"

Tsoho na jingine da ƙofar shinge yana murmushi. "Abin da ya samu Dairo lokacin da ya fara zuwa San Marcos sayen kifin da ba ma ci."

"Kai, Baba!"

"Dairo, sa mata igiya, a kai ta gidan Kompanka tun ba ta karya mini waya ba."

Aka kai ta, ta kwana biyu can, aka dawo da ita ta natsu kamar ba ita ba. A satin aka yi ruwan ƙarshe, ɗan yayyafi da ko ƙura bai kashe ba. Saura jira. In ba ta riƙe ba, bayan sati uku za ta sake wannan kuka, kuma a lokacin rani ya shigo. Nelcy ta zama kamar mai gadi. Ko jaki ya yi kuka sai ta saki abin da ke hannunta ta leƙa. Sati uku suka wuce, shiru. Ta je wa tsoho da murna, ya ce a ƙara jira, wata takan yi shiru ta yaudari mutum. Aka ƙara wasu ukun. Ciyawar bayan gida ta fara ja, Luz ta kama ƙafar kujera ta miƙe tsaye, Panela dai sai ci da tuƙa.

Ran nan da safe bayan tatsa, Don Anatolio ya shiga garke ya tsaya a gefen karsanar. Ya shafa bayanta, ya danna cikinta ta dama, ya ɗaga wutsiya ya duba, ya tsuguna ya leƙa hantsa. Nelcy na bakin ƙofa da Luz a ƙugu, ko numfashin kirki ba ta yi.

"Dairo," ya ce, "in ka shiga Chinú ka biya wurin maƙeri. A ƙera wa yarinyar nan ƙarfen shaida nata na kanta. Harafin sunanta biyu."

"Baba," in ji Nelcy, "ke nan..."

"Ke nan mai shanu biyu ba ta zama ba ƙarfe, 'yar masunta. Ko so kike a haifi maraƙi a buga masa nawa?"

Nelcy ta yi wata irin guɗa da ta sa kaji suka watse. Ta sumbaci Luz, ta sumbaci Panela a goshi, ta rungume Mama Dilia da ta fito da ludayi a hannu, saura kaɗan ta rungume tsohon ma, ya ja da baya yana cewa, "Ke, ke, hulata!" Ta fizge wayar Dairo daga aljihunsa ta ruga kan tudun bayan garke, inda nan kaɗai waya ke kamawa, yarinya na tsalle a ƙugunta, takalmi ɗaya ya cire ba ta tsaya ɗauka ba. Har daga garke ana jiyo ta tana magana da mahaifiyarta:

"Mama! Mama, kina jina? Ajiye kifin nan ki zauna, ki kira Baba, ki kira su ƙanwata Yarledis duka, ina da labari!"